Mil Takwas Da Ludayi Ta Tsallake

Verna Tackett ta iso otal ɗin Inuwar Dutse da la'asar, a kujerar baya ta tsohuwar motar mai otal ɗin, tagogi duk a buɗe ko da yake iskar Oktoba ta fara cizo. Ba ta ga laifin mai otal ɗin, Mista Desai, ba. Kwana biyar ta yi a daji ba wanka, kuma duk wanda ya taɓa ɗaukar masu tafiyar ƙafa a motarsa ya san ba a rufe gilashi. Bawan Allah ya dai yi ta tuƙi da hancinsa a waje.

Otal ɗin bai canja ba. Ɗakuna goma sha huɗu a jere a bakin titi, kowanne da kujerar roba a ƙofa, injin ƙanƙara yana gurnani a lungu, manyan motoci suna wucewa suna girgiza gilasai. Masu hali ba sa tsayawa a nan. Direbobi ne, da leburorin titi, sai kuma masu taka doguwar hanyar ƙafa ta Appalachia, waɗanda ke gangarowa daga kan duwatsu duk bayan 'yan kwanaki don su yi wanka, su cika ciki, su kwanta a kan abin da ba ƙasa ba.

Matar gidan, Kokila, tana bayan kanta tana jera mukullai. Ba ta ɗago ba ta fara karanto dokokinta kamar yadda take yi wa kowa: takalmi a waje, jaka ba ta hawa gado, kayan datti a zuba a leda a kawo mata, a ɗauki na aro a kwando kafin su bushe. Sai idonta ya sauka a kan ɗan ludayin ƙarfen goran-ruwa da ke reto a jikin jakar, ta tsaya, ta zame tabarau ta dubi mai jakar da kyau.

"Ludayi," in ji ta. "Ɗaki na bakwai. Ke ce kika ƙarar mini da takardar banɗaki ta wata guda a kwana biyu."

Verna ta yi dariyar yaƙe. Ta zo da fatan an manta da ita.

Shekara tara da suka wuce, tana da hamsin da bakwai, ta ajiye aikin dafa abinci a firamaren garinsu a Kentucky, ta saɓa jaka ta taka hanyar tun daga jihar Jojiya har jihar Maine, mil dubu biyu da ɗoriya, cikin wata shida. Ludayin nan abokan aikinta ne suka ba ta ranar sallama, da shi take cin komai a hanya, shi ya sa matafiya suka laƙa mata sunan, har wasu ba su taɓa sanin na yanka ba. Da ta gama, ƙungiyar masu kula da hanyar ta aiko mata takardar shaida da ɗan bajon yadi da ake ɗinkawa a jaka. Jaridar garinsu ta buga labarin, aka rataye hotonta a ɗakin karatu na gari. Ƙungiyar ba ta bin kowa da ma'auni. Kai ne za ka sa hannu ka ce ka taka duka, su kuma su yarda da kai. Verna ta sa hannu.

Amma a nan otal ɗin gudawa ta kwantar da ita, saboda ruwan wani rafi da ta yi gangancin sha ba tacewa. Abokan tafiyarta uku, waɗanda suka shaƙu tun Jojiya, suka jira ta kwana biyu, a na uku da asuba suka yi gaba. Da hantsi ta ji dama-dama, sai tsoron kaɗaici ya kama ta. Ta roƙi matar mai otal ta wuce mahaɗar titin da ta sauko daga hanya, ta ajiye ta a ta gaba. Tafiyar minti goma sha biyar ce a mota, mil takwas a ƙafa. Da yamma ta cim musu, ta ce bin su ta yi a guje, suka yi ta yaba mata ƙarfin hali.

Akwai masu tsallake mil hamsin su yi barcinsu lafiya lau, kuma ba wanda ya isa ya ce musu komai. Verna ba ta cikinsu. Tana cikin masu taurin kan nan da in za su sauka daga hanya sai sun taɓa turken da ke bakin titi, in sun dawo su sake taɓa shi ɗin dai, don kada taku ɗaya ya faɗi a tsakani. Har gori ta sha yi wa masu hawa mota kafin ranar ta zo mata. Ta taɓa turken, ba ta koma ta sake taɓa shi ba, kuma shekara tara abin yana zaune mata a ƙirji.

Da ta iya ci gaba da haɗiye shi, ba don abu biyu ba. Na farko, likita ya sa ranar yi mata aikin gwiwa a watan gobe, ya kuma gaya mata ba ɓoye-ɓoye cewa daga nan ita da hawan dutse da kaya sai dai a hoto. Na biyu, jikarta Shelby, wadda ta tashi a hannunta, za ta fara taka hanyar a watan Maris, ta kuma roƙi bajon ta ɗinka a jakarta. Yarinyar tun tana firamare take tsayawa a gaban mutane tana cewa kakarta ba ta tsallake ko taku ɗaya ba. Shi ya sa Verna ta ce wa 'yan gida za ta je ta yi ban kwana da hanya. Dabararta mai sauƙi ce: ta taka mil takwas ɗin nan a ɓoye, ƙarya ta zama gaskiya, ta miƙa bajon da hannu mai tsabta, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani.

Bayan ta yi wanka sau biyu, ruwan farko ya fita kalar shayi, ta fito cikin kayan aro: rigar wani ƙato mai hoton kifi a gaba, da wandon barci mai furanni wanda ya tsaya mata a ƙwauri. Kokila ta ja ta zuwa ɗan kicin ɗin da ke bayan ofis, inda baƙi ba sa shiga, ta zuba mata shayi mai madara da citta. A bango akwai kantar da ake ajiye kwalayen da matafiya ke aiko wa kansu ta gidan waya, kowanne da suna da watan da ake sa ran mai shi. A ƙasa kuma ga kwalin da kowa ke jefa abin da ya gaji da ɗauka: rabin sabulu, safa ƙafa ɗaya, taliyar leda, cokulan roba.

Verna ta sha shayin rabi. Ta ce gobe tana so a kai ta mahaɗar farko, inda turken yake, a kuma jira ta a ta biyu da yamma. Ta ƙara da cewa yau kanta ya ɗaure, don littafinta na jagorar hanya ya ce hanya za ta gangara titi ta wajen wata gona, amma farin fentin da ake yi a jikin itatuwa don nuna hanya ya haura da ita kan tudu, ya fito da ita wani wuri mai tsakuwa da ba ta taɓa gani ba. Ta ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ta.

Kokila ta ce a nuna mata littafin. Verna ta ciro shafukan da ta yago daga littafinta na shekara tara, sun yi laushi, duk tabon kofi.

"Haba, Yaya. Wa yake tafiya da littafin da ya girmi firijina? An ɗauke hanyar nan shekara huɗu ke nan. Masu fasa dutse suka sayi can gefen, sai aka mayar da ita kan tudu. Ta da an rufe ta."

Verna ta ajiye kofin a hankali. Ba ta taɓa kawo wa ranta cewa hanya tana tashi daga inda take ba. Ta yi tanadin ciwon gwiwa, ta yi tanadin ruwan sama, ta yi tanadin ƙaryar da za ta yi a gida, wannan kaɗai ne ba ta yi wa tanadi ba.

Kokila ta ce ai abin bai kai na ɓacin rai ba. Sabuwar hanyar mil tara ce ma, ta taka ta gobe, ta samu ɗaya kyauta. Verna ta girgiza kai, ta ce ba waɗannan ta tsallake ba. Ta jira a yi mata dariya, don ita kanta ta san yadda maganar take a kunnen mai hankali.

Kokila ba ta yi dariya ba. Ta juya kofinta a kan tebur, sannan ta ce a can ƙasarsu, a Gujarat, uwarta ta taɓa yin alwashin takawa da ƙafa daga ƙauyensu zuwa wurin ibadarsu, tafiyar kwana shida. A rana ta huɗu ƙafarta ta fashe, ƙanenta ya ɗora ta a babur tafiyar awa guda. Da shekara ta zagayo, tsohuwar ta hau bas ita kaɗai ta koma ta taka wannan wurin. Mahaifin Kokila ya yi ta tsokanarta da maganar har ya bar duniya, ita kuwa ko a jikinta.

"Kin san mutum nawa na ajiye a mahaɗa ta biyu a shekara ashirin da biyu?" in ji ta. "Ni ma ban sani ba. Duk su ce kada in gaya wa kowa, kamar ina da wanda zan gaya wa. Amma ke ce ta farko da ta dawo."

Ta miƙe ta ɗauki waya. Tsohuwar hanyar ta ratsa gonar wani dattijo, Orville Stidham, wanda ke kawo mata ƙwai duk Talata. Verna tana jin ta tana ce masa wata baƙuwarta ce ta yar da abu a gonarsa shekara tara da suka wuce, tana so ta je ta ɗauko. Da ta ajiye wayar ta ce ya yarda, amma ya ce matan otal ɗin nan duk kansu ba daidai ba.

Da safe, kafin su shiga mota, Kokila ta kama hannunta ta zagaya da ita bayan ɗakuna, inda zannuwan gado suke shanye. Igiyar shanyar a ɗaure take a jikin wani turken katako mai dusasshen farin fenti. Ashe ranar da ma'aikata suka tumɓuke shi suka yar a bakin titi, Mista Desai, wanda ba ya iya wuce katako mai kyau, ya saka shi a but ya kawo gida.

"Ga turkenki nan, yana aikin da ya fi na da amfani. Taɓa shi mu tafi, ina da ɗaki shida da zan gyara."

Verna ta taɓa shi. Ta so ta yi abin cikin raha, abin ya gagara, ta yi saurin juya baya tana gyara igiyar jaka.

A tsohuwar mahaɗar ba abin da ya rage sai ɗan rami da ciyawa ta rufe. Verna ta sa ƙafa a cikinsa. Mista Stidham yana jingine da ƙyauren gonarsa, dogo, ramamme, da hular da ta ga shekaru. Ya dubi gwiwarta da ke naɗe, ya dubi sandunanta biyu, ya ce ta bi gefen shinge don bijimin ba ya son baƙi kafin ya karya. Ya ce masu ɗauke hanyar sun kankare farin fentin sun shafa ruwan ƙasa a kai, amma mai ido zai gane. Bayan iyakar gonarsa kuwa ba shi da labari, rabonsa da wajen shekara uku, a lokacin masu fasa dutsen suna can nesa ta gefen yamma.

"Me kika yar ne haka, baiwar Allah?"

"Mil takwas."

Ya tura hularsa baya ya sosa goshi. Ya ce to, Allah ya sa ta same su a inda ta bar su.

Kokila ta cusa mata gurasa huɗu masu yaji a aljihun jaka, irin wadda take toya wa mijinta, ta ce ƙarfe uku za ta kasance a mahaɗa ta biyu, in Verna ta makara kuma ta dawo a ƙafa tunda abin da take so ke nan.

Dattijon ya yi gaskiya, mai ido zai gane. Hanyar ta cike da ƙaya da busasshen ganye, amma ƙasa ba ta manta sawun dubban mutane da wuri, akwai ɗan kwari siriri da ƙafa ke ji ko ido bai gani ba. A jikin itatuwa, daidai tsayin fuska, ga tabon nan mai faɗin tafin hannu, ya ɗan fi ɓawon duhu. Verna takan tsaya a jikin ɗaya, ta ƙura ido har ta hango na gaba, sannan ta ɗaga ƙafa. Sau biyu ta ɓace ta dawo da baya. Itatuwan da suka faɗi suka tare hanya ba mai sare su yanzu, wasu ta haura su a zaune, wasu ta rarrafa ta ƙarƙashi tana zagin gwiwarta da sunan likitan.

Kuma abin mamaki, tsohon littafin da Kokila ta raina bai yi ƙarya ko sau ɗaya ba. Ya ce akwai idon ruwa a mil na biyu, ga shi nan yana ɓuɓɓugowa a ƙarƙashin dutse. Ta tace ruwan wannan karon, tana yi wa kanta dariya. Ya ce akwai tsofaffin itatuwan tuffa a mil na huɗu, inda wani gida ya taɓa zama, ga su nan, 'ya'yan sun zube bareyi sun ci rabi. A nan ta zauna ta ci gurasar Kokila da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, tana kwasowa da ludayinta, yajin yana sa ta hawaye. Daɗi ya kama ta irin wanda ta daɗe ba ta ji ba. Har ta fara shirya yadda za ta miƙa wa Shelby bajon a teburin kicin, da abin da za ta ce.

Tun daga mil na shida ta fara jin ƙugin injuna. Ta ce wa kanta daga yamma ne, iska ce ke kawo shi. Ganyen da ke ƙasa ya fara yin fari-fari da ƙura. Tabo ya kai ta ga tabo, ya kai ta ga wani, sannan na ƙarshe ya tsaya a jikin wata itaciya da shingen waya ya ratsa ta gefenta, mai tsayin mutum biyu, da allon gargaɗi a jiki.

Ta kama wayar da yatsunta ta leƙa. Littafin ya ce daga nan za ta hau wani ɗan tudu, ta gangara, ta fito titi, mil ɗaya cif. Babu tudun. Rami ne wawakeke mai hawa-hawa, tifofi suna yawo a ƙasansa ƙanana, ruwa kore ya taru a tsakiya. An fasa mil ɗinta na ƙarshe an kwashe a tifa an kai an shimfiɗa a titunan jihar, wataƙila ma ta bi ta kansa a bas da za ta zo. Can a ɗaya gefen, ta hango titi, da wata 'yar farar mota a tsaye.

Ta daɗe a wurin. Ba ta yi kuka ba, haushin kanta ne ya cika ta, da kunya. A tsaye a jikin wayar nan ta gane cewa ba don ta biya hanya haƙƙinta ta zo ba. Ta zo ne ta yi wa ƙarya faci yadda ba wanda zai ga ɗinkin, ga shi kuma yadin ya ƙare.

Zagaye shingen ya ci mata awa biyu, a kan duwatsun da aka ture gefe. Da ta fito titi ƙarfe huɗu ta wuce, gwiwar ta kumbura har naɗin ya nutse a ciki. Kokila, wadda ta ce ba za ta jira ba, tana zaune a gaban mota da fulas a cinya. Ta taso ta karɓi jakar, ta ce ai shi ke nan, Verna ta yi takwas har da ƙari, a je gida a sha shayi.

"Bakwai na yi," in ji Verna. "Ɗayan babu shi. Ba kuma za a sake samunsa ba."

Kokila ta dubi ramin, ta dube ta, ta buɗe mata ƙofar gaba. Har suka isa otal gilasai a rufe suke.

Rana ba ta faɗi ba tukuna lokacin da Verna ta zauna a kujerar roba ta ƙofar ɗaki na bakwai, ƙafarta a kan bokitin da ta kife, ledar ƙanƙara a gwiwa. Ta ciro bajon daga 'yar ledar da take ajiye shi ta ɗora a cinya. Zai yiwu ta yi shiru. Ta taka abin da ya rage a duniya na hanyar, ba alƙalin da zai kama ta. Amma ta san ranar da Shelby za ta sake tsayawa a gaban mutane ta faɗi maganar nan, ita kuma ta sake yin murmushi. Ta danna lambar tun kafin zuciyarta ta kawo mata wata dabarar.

"Tsohuwa mai ran ƙarfe," in ji Shelby. "Ke da gwiwar wa ya kayar da wani?"

Verna ta ce ta saurara, kada ta katse ta. Ta faɗa mata duka, tun daga ruwan rafin har zuwa shingen waya, ba ta rage ba, ba ta kuma nemi uzuri da ciwon ba. Da ta gama, wata babbar mota ta wuce da ƙara.

"Kin san sau nawa na tsaya a gaban mutane na ce kakata ba ta tsallake ko taku ɗaya ba? Kina zaune a wurin, Kaka. Kina murmushi."

"Na sani."

"Har rubutu na yi a kanki a makaranta. Kika manna shi a firij."

"Na sani, uwata."

Shelby ta ce za ta kira ta, ta kashe wayar.

Kokila ta fito da kwandon tawul, ta jawo kujerar ɗaki na takwas ta zauna kusa da ita ta shiga ninkewa. Can ta tura wa Verna rabin kwandon, ta ce hannunta dai ba a yi masa aiki ba. Suka ninke tawul, suka ninke rigunan filo, Kokila tana warware duk wanda Verna ta ninke tana sake shi yadda take so. Wasu matafiya biyu suka sauko daga motar Mista Desai, ƙafafu duk taɓo, ta tashi ta karanta musu dokoki ta dawo. Ƙanƙarar ta narke ta jiƙa wandon aro.

Wayar ta yi ƙara inuwa ta kai tsakiyar fili. Muryar Shelby a toshe take, irin ta wanda ya sha kuka ya wanke fuska. Ba gaisuwa, ta tambaya ko otal ɗin da Kaka take suna ajiye wa matafiyi kwali. Verna ta ce suna ajiyewa. Shelby ta ce in ta fara a Maris, wajen Mayu za ta iso nan.

"Bajon ki riƙe abinki, Kaka. Ba na so."

Verna ta rufe ido. Ta san za a zo nan, amma sanin bai rage zafin ba. Ta ce to.

"Ludayin za ki bar mini a wurin matar. Shi dai bai sa hannu a kowace takarda ba. In na tako da ƙafata na zo, sai in karɓa." Ta ja hanci. "Kuma ki gaya mata, ko na yi kuka, ko na durƙusa na roƙe ta, inda ta ɗauke ni nan za ta mayar da ni."

Verna ta yi ta gyaɗa kai kamar ana ganinta. Kokila, wadda ba abin da ya wuce kunnenta, ta miƙo wuya ta ce wa wayar ta ji, kuma yarinya ta zo da littafin bana, ba na kakarta ba.

Bayan an ajiye wayar, Verna ta jawo jakarta ta kwance igiyar ludayin. Kullin ya shekara tara ba a taɓa shi ba, sai da ta sa haƙori. Ta goge shi da gefen rigar kifin, ta bi Kokila zuwa kicin tana ɗingishi. Kokila ta samo ɗan kwalin shayi da ya ƙare, ta sa ludayin a ciki, ta manne bakin, ta ce a faɗa mata harafin sunan ɗaya bayan ɗaya. Ta rubuta Shelby Tackett, ta rubuta Mayu a ƙasa, ta hau kujera ta tura shi can saman kanta inda ɓera ba ya kaiwa.

Da ta sauko ta ga Verna a tsaye hannu biyu a sake, tana kallon saman kantar.

"To yanzu da me za ki sha miyar da na dafa?" in ji ta.

Ta sunkuya ta tona kwalin matafiya, ta ture safa da rabin sabulu, ta ciro cokalin roba, ta ɗauraye shi ta miƙa mata.